Tsaunin Everest: ƙarin kuɗin izini ba zai rage gawarwaki ba

Tun daga watan Satumban 2025, duk baƙon da ke son hawa tsaunin Everest ta ɓangaren Nepal a tsakanin watannin Maris da Mayu sai ya biya gwamnatin ƙasar dala 15,000, maimakon dala 11,000 da aka shafe kusan shekara goma ana karɓa. Wasu sun yi maraba da wannan ƙari, suna ganin zai rage cunkoso a kan tsaunin da ya fi kowanne tsawo a duniya. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba, domin mutumin da ya tanadi dubun-dubatar daloli don biyan kamfanin jagora, da kuɗin jirgi, da tukwanen iskar oksijin, ba ƙarin dala 4,000 ne zai sa ya fasa ba. Abin da wannan kuɗi ke tantancewa shi ne nauyin aljihu, alhali tsaunin ba ya tambayar kowa abin da ke aljihunsa.

Tsawon Everest mita 8,848.86 ne, bisa awon da Nepal da China suka sanar tare a watan Disamban 2020. Da zarar mutum ya haura mita 8,000, iskar oksijin da yake shaƙa kusan kashi ɗaya cikin uku ce kawai na wadda ake samu a bakin teku, shi ya sa mahaya ke kiran wurin yankin mutuwa. A can jiki ba ya sabawa, sai dai ya riƙa cin kansa sannu a hankali. Tunani yakan dushe, yatsu su daskare, wani lokaci ruwa ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Ga kuma ƙarancin lokaci, saboda guguwar da ke kaɗawa a ƙololuwar ba ta lafawa sai na 'yan kwanaki a watan Mayu, kafin damina ta sauka. Idan ɗaruruwan mutane suka ji cewa gobe sama za ta yi kyau, dukansu za su tashi a dare guda, su bi igiya guda.

Abin da duniya ta gani ke nan a watan Mayun 2019, a hoton da mahayin tsaunuka ɗan asalin Nepal, Nirmal Purja, ya ɗauka: mutane jere kamar masu jiran awo, a kan siririn doron da ƙafa biyu ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa, kowa maƙale da igiya, masu hawa na jiran masu saukowa, iskar da ke cikin tukunyar kowa kuwa tana ta ƙarewa. Mutum 11 suka mutu a kakar hawan ta wannan shekara. Maimakon a ja birki, a 2023 Nepal ta ba da takardun izini fiye da 470, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan, kuma shekarar ta zama ɗaya daga cikin mafiya muni wajen asarar rayuka.

Sai dai cunkoson ƙololuwa shi ne abin da kyamara ke iya ɗauka. Abin da ya fi damuna yana ƙasa da can, a gangaren ƙanƙarar Khumbu, jim kaɗan bayan sansanin farko da ke kan mita 5,364. Wuri ne da ƙanƙarar ke motsi kullum, tana tsagewa, tana barin ramuka masu zurfi waɗanda ake tsallakawa a kan tsanin ƙarfe da aka ɗaure biyu ko uku da igiya. Baƙon da ya biya kuɗi yakan ratsa wurin 'yan lokuta kaɗan, da 'yar jakarsa a baya. Ma'aikaci ɗan Nepal, wanda galibi daga ƙabilar Sherpa yake, shi ne zai yi ta kai da komowa tun cikin duhun asuba kafin rana ta sassauta ƙanƙarar, ɗauke da tantuna, da abinci, da tukwanen iska. Duk wani jin daɗi da kamfani ya yi wa baƙo alkawari a sansanonin sama, ƙarin zirga-zirga ne ga wannan ma'aikaci a ƙarƙashin ƙanƙarar da ke iya ruftowa kowane lokaci. A ranar 18 ga Afrilun 2014 ta rufto, ta kashe ma'aikata 16, babu baƙo ko ɗaya a cikinsu, kuma tallafin farko da gwamnati ta yi wa kowane iyali bai wuce kimanin dala 400 ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Abin ya fusata ma'aikatan har suka ajiye aiki, kakar hawan ta tsaya cak.

Dole a yi wa Nepal adalci. Ƙasa ce mai ƙaramin ƙarfi, kuma takwas daga cikin tsaunuka 14 na duniya da suka haura mita 8,000 suna cikinta ko a kan iyakarta, don haka ba laifi ba ne ta ci arzikin abin da Allah ya hore mata. Ƙwararren ɗan jagora yakan samu a wata biyu abin da manomin yankin ba zai samu a shekara ba, kuma da wannan kuɗi aka ilimantar da 'ya'ya da dama. Masu kiran a rufe tsaunin daga nesa ba su ne za su ciyar da waɗannan iyalai ba. Haka kuma 'yan Sherpa ba abin tausayi ba ne, gwanayen sana'a ne: Tenzing Norgay ne ya fara taka ƙololuwar tare da Edmund Hillary ɗan New Zealand a ranar 29 ga Mayun 1953, Kami Rita Sherpa kuwa ya kai can karo na 31 a 2025.

Saboda haka gyaran da ya kamata shi ne a ƙayyade yawan mahaya a kowace kaka, a kuma hana izini ga wanda bai taɓa hawa wani babban tsauni ba, domin sabon shiga shi ne ke tsayar da layi, shi ne kuma ake sadaukar da rai wajen sauko da shi. A 2024 Kotun Ƙolin Nepal ta umarci gwamnati ta iyakance takardun izini gwargwadon abin da tsaunin zai iya ɗauka, sannan a 2025 aka gabatar da ƙudirin da zai wajabta wa mai nema ya fara hawa tsauni mai mita 7,000 a cikin ƙasar. Wannan sharaɗi na "a cikin ƙasar" yana da ƙamshin neman kuɗin shiga, tun da wanda ya hau irin wannan tsauni a Pakistan ko Tajikistan bai gaza ƙwarewa ba, amma duk da haka ya fi ƙarin farashi amfani. Ƙarin dala 4,000 da ake karɓa yanzu kuwa, tun da an riga an sa shi, ya dace a ware kaso sananne daga ciki a dokance don inshorar ma'aikata, da fanshonsu, da karatun marayun da gangaren Khumbu ya bari.