Masu son binne maikirosatalayit sun yi gaggawa

Tun da karanta jerin DNA gaba ɗaya ya yi arha, wata ɗabi'a ta shiga binciken kifi: duk wanda ya ambaci alamomin DNA masu maimaituwa, wato maikirosatalayit, sai a dube shi kamar mai tallar tsohon yayi. Yanzu SNP, wato bambancin harafi guda a jerin DNA, ake yayi, shi kaɗai. Wannan raini ba shi da tushe.

Maikirosatalayit gajerun jerin haruffan DNA ne, irin su CA, da ke maimaita kansu a jere a wuri guda, kuma yawan maimaituwar ya bambanta daga kifi zuwa kifi. Shi ya sa alama ɗaya kan zo da siffofi goma ko fiye, alhali SNP yawanci biyu kacal gare shi. Mai gonar kifi da ke son sanin uban kowane ɗan kifi cikin dubbai, don kada 'yan uwa su yi ta haɗuwa iri ya lalace, 'yan alamomi kaɗan sun ishe shi, a ƙaramin ɗakin gwaji.

Taswirar DNA ta karfasar Nilu ta 1998 da waɗannan alamomi aka soma ta. Haka taswirorin kifin zebra na ƙarshen shekarun 1990. Kuma da masu bincike a Sikotilan da Norway suka gano, a 2008 da 2009, wani yanki guda na DNA da ke ba kifin salmon juriya ga cutar IPN, wadda ke kashe ƙananan kifi, da maikirosatalayit suka bi sawunsa. Aka zaɓi iri da shi, ɓarkewar cutar ta ragu ƙwarai a gonakin Norway.

Masu SNP na cewa nasu ya fi yawa kuma na'ura na karanta shi da sauƙi. Haka ne, ga wanda ke da kuɗin na'urar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne har yau akwai masu kiran sassan DNA masu maimaituwa, waɗanda maikirosatalayit ɗaya ne daga cikinsu, shara. Fiye da rabin DNA na kifin zebra su ne, na salmon ma haka. Ta yaya za a zana taswira a watsar da rabin ƙasar? Masu ba da tallafi su daina auna bincike da sabuntar kayan aikinsa. Su ware kuɗi a daidaita tsofaffin alamomin da sababbin taswirori, musamman ga kifayen da har yanzu ba wanda ya ƙera musu faifan da ke karanta SNP masu yawa a lokaci guda.