Wai Idona Ne Ya Saci Amsa

Yau aka kira ni ɓarawo, a gaban ɗalibai biyar da ke jiran layi. Ofishin jarrabawa na je, in ji dalilin da ya sa sakamakon kwas ɗaya tal, wanda na rubuta ta intanet tun kullen korona, yake riƙe har yau.

Jami'in ko ɗago kai bai yi ba. Ya danna kwamfuta, ya ce, "Au, kai ne mai kallon gefe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban gane ba."

"Manhajar sa ido ta kama ka. Sau 11 idonka ya bar allo, kyamara kuma ta mutu minti huɗu."

"Yallaɓai, lissafi ne, a takarda ake yi, dole in sunkuya. Kyamarar kuwa sabis ne ya ɗauke."

Sai ya jingina da kujera, ya yi wani murmushi. "Kowa haka yake cewa. Na'ura ba ta ƙarya."

"To, an kalli bidiyon?"

"Kai za ka koya mana aiki? Je ka rubuto takardar ban haƙuri, kwamiti zai duba."

Ban haƙuri! Madalla da wannan na'ura mai gaskiya. Ta ƙirga ƙiftawar idona, amma ba ta ga zauren WhatsApp da amsoshi ke zuba kamar ruwan sama ba. Ba ta ga wanda ya ba wani lambar sirrinsa ya rubuta masa ba. Masu wayo kuwa jingina wayarsu suka yi da allon, daidai ƙasan kyamara, don haka idonsu bai taɓa kaucewa ba. Su ne salihai. Sun ci, sun gama, sun tafi. Tambayoyin ma, kowa ya sani, daga intanet aka kwaso su, ko lamba ɗaya ba a sauya ba. Wannan ba sata ba ce, tunda malam ne ya yi.

Na san annoba ce. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi suka koma gida a duniya, inji UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba wanda ya shirya. Amma me hukumomi suka yi? Suka kwashe aji suka zuba a Zoom, ba horo ga malamai, ba wanda ya tambaya ko ɗalibi na da kwamfuta ko ɗakin da zai zauna shi kaɗai. Kuɗin da za a kashe wajen gyara yadda ake tambaya, sai aka sayo ɗan sandan kyamara da su. Gwamnati ta yi jawabi cewa karatu bai tsaya ba, aka tafa. Iyaye maki suke tambaya, masu ɗaukar aiki takarda suke dubawa, sannan kowa ya riƙe baki wai yaran zamani ba su da amana.

Ga takardar nan a gabana. Suna da lambar rajista kawai na iya rubutawa. Jami'in ya ce in kawo kafin Litinin, in ba haka ba sai zaman kwamiti na gaba.