A riƙa gwada fitsarin mai ciki a wurin awo

Allah ya saka da alheri da kuka ɗauko maganar ciwon mafitsara ga masu juna biyu. Likitar da kuka zanta da ita ta ce wata tana ɗauke da ƙwayar cutar ba ta jin komai, kuma wallahi nan ne abin tsoron yake. Ciki kan sa hanyoyin fitsari su saki, mahaifa kuma ta danne su, sai fitsari ya riƙa kwanciya, ƙwayar E. coli da ke fitowa daga hanji ta samu wurin yaɗuwa. In aka bari ta hau ƙoda, sai zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon kwiɓi, har naƙuda ta zo a haifi bakwaini. Mu kuwa a Kano ko wane zazzaɓi maleriya ne, sai a ruga kemis.

Abin da ya fi damuna masu motar nan da lasifika a Kurmi da Sabon Gari, suna ɗaga jarkar maganin sanyi, mace da cikin wata shida tana miƙa kuɗi. Me ke cikin jarkar? Ko a maganin asibiti ma akwai wanda aka hana mai ciki sha, irin tetracycline.

'Yan uwa mata, ku je awo, ko asibitin Murtala ko na unguwa, ku roƙi a gwada fitsari. A sha ruwa sosai, kar a riƙe fitsari, tsarki daga gaba zuwa baya. Maza kuma ku biya kuɗin gwajin, don Allah.