A ba su makullin, ba makirufo kaɗai ba

Na leƙa ɗakunan labarai na intanet da dama a nan Sakkwato, kusan abu ɗaya nake tararwa. Yarinya ce ke karanta labarai gaban kyamara, ko a ce ta riƙe filin mata da yara. Amma mai tace bidiyo namiji ne, mai lambar sirrin shafin Facebook namiji ne, haka mai cewa wane labari zai hau, wane za a jinkirta. A jaridar intanet kuwa, wanda ke riƙe da waɗannan ukun shi ne mai gidan, sauran duk baƙi ne.

Wani mai irin wannan kafa ya ce min, "Malam, ai mata ba sa son aikin na'ura." Na ce wa ya taɓa zaunar da su ya koya musu? Yarinyar da ke sayar da atamfa da turaren wuta ta WhatsApp, tana ɗaukar hoto, tana gyara shi, tana lissafin cinikinta a waya, ita ce za a ce yanka bidiyo ya fi ƙarfinta?

Kuma a Sakkwato ake wannan magana, garin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ba karantarwa kaɗai ta yi ba. Da ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar karantar da mata, sai ta naɗa jajoji, wato matan da ke shugabantarsu, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su jagoranci karatun mata da kansu. Wato ta ba su ilimi, ta haɗa musu da iko. A aikin jarida ma an gani: marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, da ta rasu a turmutsutsun Mina a 2015, ta yi editan Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, lokacin da babu ko wayar hannu.

Ba na raina uzurin iyaye da mazaje. Aikin dare gaskiya ne, komawa gida bayan isha'i a kan kabu-kabu ba abin da uba zai so wa 'yarsa ba ne, ga zagin da ake yi wa duk macen da ta fito fili a intanet. To amma aikin na'urar nan shi ya fi dacewa da wannan damuwa. Tace murya, ɗora labari, kula da shafi, duk ana yin su daga ɗaki in akwai kwamfuta, data da wuta, ba sai fuska ta fito ba.

Kowace shekara ɗalibai mata daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi suna zuwa neman sanin makamar aiki. A daina aiken su sayo ruwan sanyi. A zaunar da su kusa da mai tace bidiyo wata uku, wadda ta iya a miƙa mata lambar sirrin shafin, ranar da edita ya yi tafiya kuma a ce ita ce za ta zaɓi labarin farko.