Amarya Ta Kahe A Kwalkwalawa

Gulbin Rima ya cika ya koma, ya bar laka a fadamar Kwalkwalawa nan kan hanyar jami'ar Ɗanfodiyo, sai saniyar Jauro, wata bokolo fara sol da yake kira Amarya, ta bi ɗanyar ciyawa ta lume har ƙirji. Dakta malamin dabbobi ya iso da oba-oba guda uku. Sarkin Fawa kuwa ba wanda ya kira shi, shi dai an gan shi tsaye da wuƙa a aljihu.

DAKTA: To ku saurara da kyau, abin ga ba waya ba ne. Ba sim, ba kati, ba ruwanshi da netwok. Baofeng ce mai tasha 16, duk na sa muku a ta 5, kada wanda ya murɗa. Ka ga wannan maɓallin na gefe? Ka danna, ka ɗan jira kamar daƙiƙa ɗaya, ka yi magana gajeriya, ka ce oba, sai ka SAKI. In ba ka saki ba ba ka jin kowa, kuma ka tare wa kowa hanya.

JAURO: Aradu Likita kai dai hiddo min nagge na. Nawa ake sa mata na kira?

DAKTA: Kyauta ne Jauro, batir kawai take ci.

JAURO: Kyauta? Hoɗijam!

BAGOBIRI: Dakta ka yi kuskure, ka ce ma Bahillace kyauta. Yau sai ya gaida dangi nai har Adamawa. Ni hwa da kun bar ni da na ɗaura ma shegiya igiya ga ƙaho in hizgo ta da a-kori-kura, mu Gobirawa ba mu san wanga lallashi ba.

DAKTA: Ka fizgo kai ka bar gangar jiki ke nan. Ba a jan saniya ta ƙaho ko wuya ko wutsiya, majanyi mai faɗi ake zagawa ta bayan ƙafafun gaba. Kai hau tudu da samari ku riƙe bakin igiya, ni zan je titi in ɗauko katako. Jauro ka rufe mata ido da rawaninka, ka rage ƙarar abin kada ta firgita.

(Kowa ya kama wurinsa. Jauro ya danna.)

JAURO: Salamu alaikum Likita. Ka isa lahiya? Ya hanya? Ya gajiya? Ya iyali, ya yara, ya ruwa, to madalla, ya mai jiki in akwai...

DAKTA: Jauro ka saki, oba.

JAURO: ...Likita ba ka amsawa? Aradu ƴan boko ba su da gaisuwa. Sannu Amarya, sannu ƴar albarka, wancan Bagobiri mai zane har kunne cewa ya yi zai ja ki da mota, shi da ko akuya bai taɓa mallaka ba.

BAGOBIRI: (da ƙarfi daga tudu, ya manta da oba-oba) Ina jin ka hwa! Ka saki abin ga in rama!

SARKIN FAWA: Ku bar shi ya yi ta riƙo, ni ba ni sauri. Saniya in ta daɗe kwance ciki ka kumbura, ko ba hakanan ba Dakta? Jauro tun tana motsi dubu 150 na saya, in ta mutu ko hwata sai an yi ciniki.

JAURO: A kasuwar Kara wa zai ba ka bokolo haka, kai mahauci ba ka tsoron Allah?

(Garin nuna Sarkin Fawa da yatsa sai ya saki maɓallin.)

DAKTA: Alhamdu lillahi. Jauro, Dakta ne, ya take, oba.

JAURO: Kai! Ga shi ciki yana magana. Likita tana numfashi sama-sama, oba. Na ce oba ka ji ko, oba.

DAKTA: Sau ɗaya ya isa. Kada ka bari ta kwanta ta gefe, ta zauna kan ƙirjinta. Gani nan tafe, oba.

BAGOBIRI: Khhh... Dak... igi... khhh... ta... wa...

DAKTA: Bagobiri ka fidda abin daga bakinka, ba rake ba ne. Ka ba shi tazarar yatsu huɗu, eriya ta kalli sama, kuma ka fito daga bayan motar nan ƙarfe yana tare ta, oba.

BAGOBIRI: Nac ce igiya ta kai. Ku dai ɗaure Amarya tamau, ku ruhe mata ido, in ta yi gardama mu ja ta da ƙarhi ko tana so ko ba ta so, oba.

WATA MURYA: Innalillahi! Wa na bisa tashag ga? Wace amarya za ku ɗaurewa da rana tsaka? Ni maigadi na nan kusa, duk na jiya, kuma yanzu ƴan sanda za su ji, oba.

DAKTA: Baba yi haƙuri saniya ce ta kafe a laka. Tashar ce muka haɗa, ka san abin nan duk wanda ke tasha ɗaya in yana kusa zai ji, oba.

MAIGADI: Saniya? To wa ar raɗa ma saniya Amarya, oba.

BAGOBIRI: Bahillace na baba, oba.

MAIGADI: Ayyo. To Allah shi hidda ta. Ni dai ina nan ina saurare, aikin ga ba abin yi, oba.

(An shimfiɗa katako, an zaga majanyi, Dakta ya sa yara suna zuba ruwa a gindin ƙafafunta suna tona laka da hannu don ta saki.)

DAKTA: Daga yanzu ni kaɗai ke magana. In na ce ja ku ja a hankali, in na ce tsaya ku tsaya cak. Bagobiri ja, oba.

BAGOBIRI: Ka ji maza! Gobir gidan hwaɗa, jikokin Bawa Jan Gwarzo, mu munka ga ambaliyar 2010 sadda ruwa yac cinye hanyag ga ɗaliban jami'a sunka koma shiga jirgin ruwa, balle wata laka...

DAKTA: Tsaya! Tsaya! Wayyo shi ma ya danne yana kirari. Kai yaro ruga ka ce su tsaya majanyi ya zame!

SARKIN FAWA: A'a yaro tahi sannu kak ka hwaɗi. Jauro na ƙara dubu 10.

(An gyara, aka sake ja sau biyu, laka ta yi wani ɓuuut, Amarya ta fito ta yi taga-taga ta tsaya. Sarkin Fawa ya yi tsaki ya tambayi wa zai biya mishi kuɗin kabu-kabu.)

JAURO: Miyetti Allah! Likita sayar min da abin nan in riƙa kiran ƙanena a Illela.

DAKTA: Illela ina! Kilomita 2 ko 3 take kaiwa in fili ne, cikin gari ma ba ta kai haka. Ka dai kawo kuɗin allura da na man mota, dubu 8.

JAURO: Bari in yi shawara da yaro.

(Ya ja ɗansa bayan wata bishiya, oba-oba a hannu, ya damƙe ta gam.)

JAURO: Kai Buba, in Likita ya tambaya ka ce ba mu da ko sisi sai ran kasuwa. Dubu 40 na ɗan maraƙin nan suna cikin hulata ƙarƙashin malfa, ko Inna kada ta ji. Mu ba shi nono ƙwarya ɗaya, ɗan boko ne zai yi murna.

(Ya dawo yana share ido, ya saki maɓallin.)

JAURO: Aradu Likita zamani ya yi wuya...

BAGOBIRI: Cikin hula, oba.

SARKIN FAWA: Ƙarƙashin malhwa. Ni ban da abin, amma oba.

MAIGADI: Dakta in ka karɓi naka a aiko min da nonon, ina bakin get, oba.