Guguwa na tahowa, kamfanin jirgi na ta wasa da hankalinmu

Kamfanin jirgin da surukata za ta bi ta koma gida ya wulaƙanta mu, kuma ba zan haɗiye wannan ba. Yau Talata, 8 ga Oktoba, 2024. Tun ƙarfe tara na safe aka rufe filin jirgin Tampa da ke jihar Florida ta Amurka, na Orlando kuma gobe ƙarfe takwas na safe zai bi sahu. Rufewar ba ta dame ni ba, wa zai sa jirgi a sama cikin irin wannan iska? Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda kamfanin ya yi ta jan mu da baki har ƙofa ta rufe.

Tun ranar Asabar aka raɗa wa guguwar suna Milton, cibiyar da ke bibiyar guguwa a Miami ta nuna ƙarara cewa yammacin Florida ta nufo. Jiya Litinin ta kai mataki na 5, wanda babu na gaba da shi, iskarta na gudun mil 180 a awa. Ana cewa ruwan teku na iya hawowa ƙafa 10 zuwa 15 a bakin Tampa, garin da rabon da babbar guguwa ta faɗa masa kai tsaye tun 1921. Magajiyar gari, Jane Castor, ta fito a talabijin ta ce duk wanda ya zauna a unguwannin da aka ce a tashi, mutuwa zai yi. Yaran makaranta ma sun san da maganar. Kamfanin jirgi ne kaɗai labari bai kai masa ba.

Hajiya, surukar tawa, ta zo ne jego, ta kula da ɗiyarta da jaririyar, kuma gobe Laraba ce ranar tafiyarta: daga Tampa zuwa wani gari, daga can a tsallaka teku, sai Abuja, sannan Kano. Ranar Lahadi da safe na kira su da lalama, na ce a matso mana da tafiyar zuwa Litinin tunda a lokacin akwai kujeru. Bayan na sha kiɗan jira har kunnena ya yi zafi, wata ta ɗauka ta ce jirginmu yana nan daram, ba a ba su umarnin sauya rana kyauta ba tukuna, in ina so sai dai in biya cikon kuɗin tikiti. Cikon da ta kira mini ya kusa kuɗin sabon tikiti. Na ce baiwar Allah, ba ki ganin abin da ake nunawa a talabijin? Ta ce ita abin da kwamfuta ta nuna mata take faɗa.

Da umarnin ya fito, kujerun sun ƙare ƙaf. Sai a lokacin saƙo ya shigo wayata, wai saboda kulawarsu da lafiyata an ba ni damar sauya rana ba tare da biyan komai ba. In sauya zuwa wace rana? Rangwamen da aka jira sai da aka sayar da kujerar ƙarshe kafin a sanar da shi, sunansa rainin hankali.

Ba a nan ta tsaya ba. Tikitin a Kano aka yanke shi, wurin wani ejan, da naira. Da na sake samun kamfanin, suka ce ba su da ikon taɓa tikitin da ejan ya yanka, in koma wurinsa. Na kira ejan, ga bambancin awa biyar tsakaninmu, sai na tashi cikin dare kafin in same shi a ofis. Ya ce, "Alhaji, wallahi daga nan a kulle yake, su ne suka karɓe shi, sai dai ka yi musu magana a can." Na ce, "Malam, ai su suka turo ni wurinka." Ya ce in yi haƙuri, Allah zai kawo mafita. Na san Allah zai kawo mafita, amma ranar da yake karɓar ladarsa bai ce mu jira mafita ba.

Dokar ƙasar nan ta ce in kamfani ya soke jirgi, fasinja bai karɓi wanda aka musanya masa ba, dole a mayar masa da kuɗinsa. To a mayar wa wa, kuma da wane kuɗi? Ejan za a tura wa, shi kuma ya ba mu naira in ya ga dama, alhali dala ta haura naira 1,600 a kasuwar bayan fage. Abin da za a dawo mana da shi ba zai kai Hajiya ko rabin hanya ba. Otal kuwa, ko abinci, ba ruwansu, tunda laifin yanayi ne. Na tuna da inshorar tafiya, na duba, sai na tarar da zarar an raɗa wa guguwa suna, wadda ka saya bayan nan ba ta biya. Kowa ya gina wa kansa katanga, fasinja kaɗai aka bari a fili.

Abin da ke hana ni barci shi ne wa'adin zaman Hajiya. Kwanakin da jami'an shige da fice suka ba ta sun kusa cika, wanda ya wuce ranar kuwa bizarsa ta mutu, sai ya sake bin layi a ofishin jakadanci, kuma kowa ya san yadda wannan layin yake yanzu. Neman ƙarin wa'adi ya haura dala 400. Na yi wa wani ma'aikacin kamfanin wannan bayani tiryan-tiryan, na roƙe shi ya ba ni ko da takarda ce mai nuna su suka soke jirgin. Ya ce in cike fom a intanet, za a amsa mini cikin kwanakin aiki. Yau ɗin nan Shugaba Biden ya ɗage tafiyarsa zuwa Jamus da Angola saboda Milton, ban ji an ce masa ya cike fom ba.

Duk wannan fa ina yi ne da waya maƙale a kafaɗa, hannuwana na wani aikin. Unguwarmu na cikin waɗanda aka ce a tashi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ba a yi sati biyu ba da guguwar Helene ta wuce, ranar 26 ga Satumba, kuma har yanzu katifu da firji da katakon da ruwa ya lalata na jibge a bakin titi, gobe iska za ta ɗebe su ta jefi tagogin mutane. Gidajen mai da yawa sun rufe famfo da leda. Ruwan roba ya ƙare a kantuna, burodi ma haka. Na samu buhunan yashi na jera a ƙofa, na ɗora kaya a kan tebura, na zuba fasfo da takardar haihuwar jaririya cikin leda. Gwamnan Florida, DeSantis, ya ɗage kuɗin bin hanya, an ma bari a hau gefen titi, amma manyan hanyoyin I-75 da I-4 a cushe suke, mota na tafiya kamar ba ta so.

Hajiya kuwa, saboda kunyar da ke tsakaninmu, ba ta ce mini uffan ba. Ta ɗaure akwatinta tun shekaranjiya, tsarabar jikoki a ciki, ga maganin hawan jininta da aka lissafa daidai da ranar tafiya. Ta bakin ɗiyarta take tambaya, "Ki ce masa kada ya wahalar da kansa." Ya za a yi in ƙi wahala? Dattijuwar da ba ta taɓa ganin teku ba sai a wannan zuwan, yanzu zan sa ta a mota da mai jego da jaririya, mu nufi jihar Georgia gidan wani ɗan uwa da ya ce mu zo, ba tare da na iya gaya mata ranar da za ta ga Kano ba.

Na ce wa kamfanin tunda Georgia za mu, su tashe ta daga Atlanta, ni zan kai ta filin jirgi da kaina, ban nemi ko sisinsu ba. Suka ce rangwamen na sauya rana ne, sauya gari sabon ciniki ne, sai an sake lissafi. Na ɗauki hoton kowane saƙo, na rubuta lokacin kowane kira da abin da aka gaya mini. Da zarar mun sauka na samu wuta da intanet, ma'aikatar sufuri ta Amurka zan kai ƙara, ejan kuma ƙanina zai same shi har ofis da rasit a hannu.