Kilomita 80 ba za su kai ka Madina ba: shawara kan tayar ranfilat

Matasanmu na Jidda da Makka da Riyad da Allah Ya hore wa motar gudu irin su BMW da Mini sukan sha wata tambaya ranar da tayoyin farko suka cinye. Mai banshar, wato shagon gyaran taya, zai ce: ranfilat za a mayar ko ta gargajiya? Da yawa sai su ce a mayar da wadda kamfani ya saka, don tsoron ɓata mota. Ni a ganina, duk mai fita bayan gari a ƙasar nan ta Saudiyya ya sayi ta gargajiya mai kyau, ya haɗa da safaya.

Ranfilat taya ce da aka ƙara wa gefenta roba mai kauri da tauri, ta yadda ko ƙusa ta huda ta iska ta fice ƙaf, gefen zai riƙe nauyin motar. Masu ƙera ta galibi sun ƙayyade tafiyar kilomita 80, gudun kuma kada ya wuce kilomita 80 a awa. Michelin na rubuta ZP a jikinta, Bridgestone RFT, Continental kuwa SSR. Motar da ta zo da ita yawanci ba safaya ba jak a but ɗinta, sai dai na'urar da ke sanar da direba iska ta ragu, tunda da ido da ƙyar ake gane ta sace.

Ba na raina amfaninta. Tsayawa gefen babban titin Jidda cikin dare, motoci na wucewa a guje, kasada ce da rai. Ga 'yan'uwanmu mata da suka fara tuƙi tun 2018, da dattijon da ba zai iya durƙusawa kwance taya ba. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce cikin gari ko tsakanin Jidda da Makka, ranfilat za ta kai shi inda ake gyara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

To amma ƙasar nan faɗi gare ta. Jidda zuwa Madina ya haura kilomita 400, Riyad zuwa Makka ya haura 800. A wasu daga cikin manyan hanyoyin doka ta yarda ƙananan motoci su yi gudun 140, kai kuma kana rarrafe da 80, tireloli na binka a baya. Ka ce ka isa wani banshar a gidan mai. Ina tabbacin yana da lambar tayarka? Motocin gudu da yawa tayar baya ta fi ta gaba faɗi, kuma irin wannan lamba a ranfilat sai manyan garuruwa. Faci ma ba lallai ya yiwu ba, domin kamfanoni da dama sun hana a yi wa wadda aka yi tafiya a kanta ba iska, saboda ɓarnar da ke cikin gefen ba a ganinta daga waje. Ƙarshenta sai kiran sathah, wato motar ɗaukar motoci, ta ɗauki motar, ga kuɗin ɗauka, ga kuɗin sabuwar taya da ta fi ta gargajiya tsada.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabar taya a nan. Da bazara zafin rana kan haura digiri 45 a Makka da Riyad, kwalta kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Tayar da ke birgima ba iska gefenta lanƙwashewa yake yi yana ƙara ɗaukar zafi, don haka bai kamata mutum ya ɗauki kilomita 80 ɗin nan a matsayin alkawari ba, musamman in motar cike take da mutane da kaya.

Ga kuma daɗin tuƙi, abin da ya sa aka sayi motar tun farko. Ranfilat ta fi nauyi, ta fi tauri, kowane rami da gargada sai ka ji shi a ƙugu. Sababbin da ake yi yanzu sun fi na da laushi, gaskiya ne. Duk da haka, kamfanin BMW da ya yi fice wajen saka ta, tayar gargajiya yake sa wa M3 da M4, motocinsa na gudu na gaske. Wanda ya saba hawa kwanonin hanyar dutsen Alhada zuwa Ɗa'if zai ji bambancin a sitiyari.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne mai cire ranfilat don arha kawai, ya kama hanya ba safaya. Wannan ya fi kowa shiga haɗari. In za ka canza, ka canza duka huɗun, kada ka gauraya. Ka nemi ƙaramar safaya da jak da suka dace da motar ko da za su cinye rabin but, domin ruwan liƙe faci da ɗan famfon lantarki ba sa maganin tayar da ta tsage a gefe. Ka duba harafin gudu ya yi daidai da na asali: V na nufin kilomita 240 a awa, W 270, Y 300. Ka zaɓi mai alamar A wajen jure zafi. Ka karanta lambobi huɗun ƙarshe na ranar ƙira: 2524 na nufin mako na 25 na shekarar 2024, don kada a sayar maka da wadda ta daɗe a sito. In kuma motar na ƙarƙashin garanti, ka tambayi wakilin kamfanin kafin a kwance ko ɗaya.